Masu Kati Kaɗai Za Su Shiga

Litinin, da safe

Sun faɗa a rediyo cewa daga ranar Juma'a duk wanda aka yi wa allurar rigakafi sau biyu zai iya ziyartar 'yan'uwa, a zauna ɗaki ɗaya, a ci abinci tare. Baban yara ya sa na ƙara muryar rediyon, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malama, kin ji da kunnenki. An sallame mu daga kurkuku."

Na ce na ji. Na ɗauke kofin shayinsa. Rabi ya sha.

Ni da shi duk an yi mana sau biyu, katunan na cikin durowar madubi. Shekara guda da wani abu ke nan ba wanda ya taka falon nan sai mai gyaran famfo, shi ma sai da na tura Baban yara ɗaki na ja ƙofa.

Talata, da yamma

Kyaftin ya zo kamar kullum. Tun da annobar nan ta shigo yake zuwa da kujerarsa ta roba, ya ajiye ta a baranda nesa da tagar ɗaki, Baban yara ya zauna daga ciki, su yi ta ɗaga murya kamar masu faɗa. Duk layin nan ba wanda bai san sirrinsu ba. Tun suna samari suke buga ƙwallo tare, shi kyaftin, Baban yara gola, har yau ba sa kiran juna da wani suna. Shi ya yi abokin ango a aurenmu, don haka har gobe Amarya yake ce mini, da furfurata da komai.

Yau Baban yara ya ce masa, "Ranar Juma'a sai ka shigo ka ga falon. Ta sauya wa kujeru wuri."

Kyaftin ya ce, "Idan Amarya ta buɗe ƙofa."

Ina kicin, na ji su sarai. Na ƙara buɗe famfo.

Kyaftin bai yi allurar ba, ko ta farko. Mu ukun duk mun san haka.

Laraba, da rana

Ranar ɗurin maganin Baban yara a asibiti. Mun tafi da wuri, mun dawo ya kwanta.

Yana kan gadon ana ɗura masa na bi likita zuwa ofis na tambaye shi maganar rediyo. Ya ce allurar tana aiki, ai ga shi asibitin ya ragu da mutane, ba kamar bara ba da ake kwantar da su har a baranda. Amma maganin da ake sa wa Baban yara yana karya garkuwar jiki, ba wanda zai iya cewa ga iya abin da allurar ta bar masa. "Katinku iri ɗaya ne, Malama, jikin ne ba ɗaya ba." Ya ce idan za a zo, a zo kaɗan-kaɗan, waɗanda suka yi allura, taga a buɗe, takunkumi a fuska.

A mota na maimaita wa Baban yara. Ya rufe ido ya ce, "Kin je ne ki samo abin da kike so ki ji."

Na juya ina kallon titi. Direban tasi ma ya yi kamar bai ji ba.

Alhamis, da yamma

Amai sau da yawa. Ruwa kawai ya sha, sai ɗan burodi. Kyaftin ya zo, ya ga labule a sauke, ya zauna ɗan lokaci ya tafi.

Juma'a, da yamma

Layin ya cika da motoci. Gidan da ke kallon namu 'ya'yansu sun zo da jikoki, ana ta gudu ana ihu. Matar gidan ta hango ni ina shanya, ta ɗaga mini katinta sama tana dariya kamar wadda ta ci jarrabawa.

Ƙanwarsa, Goggon yara, ta kira. Ta ce gobe za ta zo ita da mijinta da yaran duka, sun yi allura har mai aikinsu. Na ce ta zo ita kaɗai, ko ita da mijin.

Ta ce, "Yaya, gwamnati ta buɗe, ke kuma kin rufe? Ɗan'uwana ne fa."

Na ce gwamnati ba ta san ana ɗura masa magani ba.

Ta ce to. Irin to ɗin nan nata da ke zagaya dangi kafin magariba.

Asabar, da rana

Ta zo da mijinta. Na buɗe tagogi duka, na ajiye musu kujeru can gefe. Da ta ga Baban yara sai ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan baki ta saman takunkumi. Ta waya ba a ganin ramar mutum. Shi kuma ya ce, "Shigo mana, ba fatalwa ba ce, yayanki ne." Suka yi dariya. Ta fita baranda wai za ta amsa waya, na ga wayar a kan kujera.

Baban yara ya ji daɗi. Ya ci shinkafa cokali shida ko bakwai, ya ba mijin labarin da ya sha ba shi.

Suna cikin hira Kyaftin ya iso da kujerarsa. Ya ga takalma a ƙofar falo. Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya wuce wurinsa na kullum ya zauna gaban tagar ɗaki, alhali ba kowa a ɗakin. Na kai masa ruwa na ajiye a kan dakali.

Ya ce, "Na gode, Amarya. Masu kati sun samu shiga ke nan."

Na ce haka likita ya ce.

Ya ce, "Ai ban ce komai ba."

Lahadi, da safe

Baban yara ya ce kada in sake barin kowa ya shigo. Na ɗauka gajiya ce. Ya ce, "In Kyaftin zai zauna a waje kamar mai jiran sadaka, to kowa ya zauna a waje."

Na ce ai hanya a buɗe take, asibitin unguwa na yin allurar kyauta, ba layi ma yanzu.

Ya ce, "Kin san dalilinsa."

Na ce na sani, amma dalili ba ya hana tari.

Ya juya wa bango fuska. Bai sha shayin ba.

Lahadi, da yamma

Shugabar makaranta ta kira. Gobe malaman da suka yi allura za su koma aji, an daina koyarwa ta waya. Na ce mata halin da nake ciki. Ta ce ta sani, ta yi ƙoƙari, amma ba wani malamin lissafi, kuma 'yan ajin ƙarshe jarrabawa ta ƙarato. Ta rage mini zuwa kwana uku a mako.

Na goge kayan da zan sa. Siket ɗin ya yi mini yawa.

Litinin, da yamma

Yaran sun girma. Wasu samarin muryarsu ta fashe, ban gane su ba sai da na kira suna. Takunkumi a haɓa, a aljihu, ɗaya ma ya ɗaure nasa a gwiwar hannu. Na gaji da cewa ku ja shi sama.

Gaskiya na ji daɗin allo da alli. Na ji daɗin ɗakin malamai, da gulmar da ba ta shafe ni ba. Na yi dariya har sau biyu. A hanyar dawowa abin ya dame ni.

Da na shigo gida ta ƙofar baya na bi, na cire kaya na jiƙa, na yi wanka, sannan na leƙa shi. Ya ce, "Malama, kin wanke ilimin duka?" Fushin jiya ya ɗan sauka ke nan.

Laraba, da yamma

Daga makaranta na biya gidan Kyaftin. Tun rasuwar matarsa ban je ba. Shukokinta na bakin ƙofa duk sun bushe, tukwanen dai na nan a jere. Ya fito da kujera ya ajiye mini a inuwa, shi ya zauna a kan matakala.

Na ce na zo roƙo ne. Ya je ya yi allurar, saboda abokinsa.

Ya kalli tukwanen. Sannan ya ce, "Ni na kai ta allurar, Amarya. Ba ta so, na yi ta lallashi, na ce mu fara da ke, ni in bi bayanki. Ba a rufa mako biyu ba ta faɗi a banɗaki."

Na ce hawan jini ne, Kyaftin. Shekaru tana fama da shi, tana wasa da magani, kai kanka ka sha kawo mana ƙararta. Likitoci sun faɗa maka.

"Na san abin da suka faɗa. Wataƙila ma gaskiyarsu ce. Amma duk ranar da na nufi ƙofar asibitin nan ƙafata ba ta zuwa."

 Sai ya ce, "Bari in tambaye ki. Ni daga gidan nan sai barandarku. Cefane yaron kanti ke ajiye mini a ƙofa. Ke kuma kina shiga aji cike da yara, ki dawo ki ba shi magani a baki. Tsakanin ni da ke wa ya kamata ya zauna a waje?"

Na ce ni ba ni da zaɓi, kai kana da shi.

Ya ce, "Haka ne."

Ya raka ni bakin titi. Ba wanda ya ci wani.

Alhamis, da safe

Baban yara ya ci ayaba ɗaya.

Juma'a, da yamma

Babbar 'yarmu ta kira daga garin da take aure. Cikinta ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, an hana ta doguwar tafiya. Goggonta ta riga ta kai mata rahoto. Na ɗauka za ta ce in buɗe ƙofa, ashe akasin haka ne. "Mama, ko masu katin ma ki daina bari. Ana kamuwa ko da an yi allura, na gani a labarai. Ki bari ya gama ɗurin nan, ya samu ƙarfi, sai a yi taro babba har da jariri."

Na ce to.

Goggo na cewa na cika tsanani, 'yata na cewa na cika sakaci. Shi kuma mai jikin ba wanda ya tambaye shi.

Litinin, da yamma

Gobe za mu karɓo sakamakon hoton da aka yi masa.

Talata, da yamma

Mun je. Likita ya sa aka kawo mini kujera, bai saba ba. Ya rufe fayil ɗin kafin ya fara magana.

Ya ce ba sai mun sake zuwa ɗuri ba. Ya sauya magunguna, yawancinsu na ciwo ne. Ya rubuta mini lambar wayarsa ta kansa a bayan takardar, ya ce in kira ko wane lokaci ne.

Baban yara ya yi masa godiya, ya tambaye shi lafiyar iyalinsa.

A hanya ya ce a tsaya ya ga filin ƙwallon da ke bayan tashar mota. An zagaye shi da kwano, gini za a yi. Ya kalla ta gilashi ya ce mu tafi.

Na wanke labulen falo da na ɗaki. Na wanke zannuwan gado har da waɗanda ba a shimfiɗa ba.

Laraba, da yamma

Na je makaranta. Na koyar da darasi ɗaya sau biyu a aji ɗaya, yaran ba su faɗa mini ba sai da aka buga ƙararrawa.

Babbar ta kira ta tambayi sakamako. Na ce an sauya magani.

Alhamis, da rana

Na wanke kicin, har saman kabad.

Kyaftin ya zo. Ban san ko ya faɗa masa ba. Hirar ƙwallo kawai na ji.

Asabar, da safe

Maƙogwarona na ƙaiƙayi. Ƙurar alli ce.

Asabar, da yamma

Ba ƙurar alli ba ce. Jikina ya yi zafi da rana, na sa takunkumi biyu na tafi asibitin unguwa, suka yi gwajin nan na hanci. Ma'aikaciyar ta juyo mini da abin ta nuna mini layi biyu, alamar na kamu. Ta ce yara uku daga makarantarmu sun zo jiya.

Na tsaya a tsakar gida na faɗa wa Baban yara ta taga. Jiya ni na ba shi magani, ni na goge masa baki, a gado ɗaya muka kwana.

Ya ce, "To, mai kati ta kawo mana tsaraba." Da ya ga fuskata sai ya ce, "Wasa nake, Malama. Je ki kwanta."

Na kwashe kayana na koma ɗakin baya, wanda ke waje kusa da tankin ruwa. Na kira likita. Ya ce in killace kaina, za a turo a gwada Baban yara gobe, a sake gwada shi bayan 'yan kwanaki. Ya ce wa zai kula da shi? Na ce ina tunani.

Goggon yara ta ce za ta zo. Amma shekaranjiya ta dawo daga biki, kuma ƙaramin jikanta na mura. Na ce ta zauna. Wannan karon ba ta yi musu ba.

Lahadi, da rana

Gwajin Baban yara bai nuna komai ba tukuna.

Da hantsi na ji ana buga ƙofar gida. Kyaftin ne, da jakar kaya a kafaɗa, ba kujera. Ya tsaya daga nesa ya ɗaga mini wata takarda. Ashe da sassafe ya je asibitin unguwa, ƙofar nan da ya ce ƙafarsa ba ta zuwa, aka gwada shi. Ba shi da cutar.

"Ba kati ba ne, Amarya, amma abin da nake da shi ke nan."

Na ce ya jira. Na sake kiran likita. Ya ce mutumin da ba ya cuɗanya da kowa kuma an gwada shi yau, ba shi ne abin tsoro ga mijina ba. "Shi ne abin ji wa tsoro. Idan mijinki ya riga ya ɗauka daga wurinki, wannan dattijon ba shi da abin da zai tare masa. Ki faɗa masa haka, kada ki rage komai."

Na faɗa masa, ban rage komai ba.

Ya ce, "Na ji. Ina makullin?"

Na ce yana ƙarƙashin tukunyar fulawa. Ya cire takalmansa a ƙofar falo ya jera su, ya gyara takunkumi, ya shiga. Daga inda nake na ji Baban yara na cewa, "Kai, wa ya bar wannan ya shigo?"

Litinin, da yamma

Zazzaɓi. Kaina kamar ana daka.

Talata, da rana

Zazzaɓin ya ragu. Ba na jin ƙanshin komai, na shinshina sabulu kamar dutse. Kyaftin na ajiye mini abinci a kan tankin ruwa, ya buga murfin da cokali, ya koma. Ya dafa shinkafar da ban san yadda aka yi ta ƙone a ƙasa ta kuma ƙi nuna a sama ba. Na ce masa Allah ya taimake ni ba na jin ɗanɗano. Ya ce Gola ya cinye tasa.

Na ce da gaske?

Ya ce, "Rabi. To, kusan rabi."

Na rubuta masa lokutan magani a kwali na manna a tagata, yana zuwa ya karanta da tabarau. Ya iya ɗaga Baban yara zuwa banɗaki fiye da ni. Na ji suna faɗa a kan aski, wai Kyaftin ya yanke shi a haɓa.

Laraba, da yamma

Likita ya kira da kansa ya ji jikina. Ya ce da shekaruna da ciwon sukarina, da ban yi allurar ba da yanzu wata maganar muke. Na ce amma ga shi ban tsira ba. Ya ce, "Kina ɗakin bayan gidanki kina ƙorafin shinkafa. Wannan ai tsira ce."

Ban faɗa wa Kyaftin ba. Zai ce wa'azi nake.

Alhamis, da rana

An sake gwada su biyun. Babu. Na zauna a bakin katifa na daɗe ban tashi ba.

Juma'a, da yamma

Tagar ɗakinmu ta baya na kallon tagar nan. Ba saurare nake ba, murya ce ba su iya ragewa, sun saba da ihun baranda.

Baban yara ya ce, "Kyaftin, ka san dai an busa mini usur ɗin tashi."

Kyaftin ya ce, "Na sani. Tun ranar da na ga labule a kan igiya."

"Ita ba ta so a faɗa. Ka bar ta." Ya yi tari, aka ba shi ruwa. "Abin da nake so da kai, ranar nan kai za ka tsaya a kan komai. Yaran ba su san kowa ba, ita kuma ba za ta iya ba. In ka je ka kwaso cutar nan a wurin jama'a aka kwantar da kai, wa zai tsaya? Bayan nan ma wa zai riƙa leƙo ta?"

Ban ji amsar Kyaftin ba. Na rufe tagar.

Na wanke ɗankwalina a bokiti, da ma ba datti ya yi ba.

Asabar, da safe

Na kira Babbar. Na faɗa mata abin da likita ya faɗa ranar Talatar nan. Shi ne karo na farko da na faɗe shi da bakina. Ta yi ta cewa "Mama" kawai. Mijinta ya karɓi wayar ya ce zai nemi izinin likitarta, in an yarda zai tuƙo ta a hankali.

Na faɗa wa Goggon yara ma. Ta ce, "Na gani tun ranar, Yaya. Na rasa yadda zan tambaye ki ne."

Litinin, da rana

An gwada ni, layi ɗaya. Likita ya ce in ƙara kwana biyu, in na shiga in bar takunkumi a fuska.

Laraba, da yamma

Na koma ciki. Kicin ɗin kamar an yi yaƙi. 

Baban yara ya ƙara ramewa. Zoben azurfarsa na kan durowa, ya daina zama a yatsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "An sallamo ki?" Na ce an sallamo ni. Ya ce, "Ki karɓi girkin nan don Allah, mutumin nan zai riga ciwon gamawa da ni."

Na kira shugabar makaranta na ce ba zan dawo ba sai abin da hali ya yi. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Alhamis, da rana

Kyaftin ya fita da safe bai ce ga inda za shi ba. Ya dawo wajen azahar, hannun rigarsa na hagu a naɗe, da ɗan auduga manne a damtse. Fuskarsa duk gumi.

Ya ce, "Na yi. Kada ki ce komai."

 Na zuba masa shayi na sa sukari da yawa.  Can ya ce sau uku yana kaiwa ƙofar yana juyawa, har mai gadin ya tambaye shi ko ya yar da wani abu ne.

Baban yara ya ce daga ɗaki, "Ya yi kuka?"

Kyaftin ya ce, "Yi mana shiru, kai da kake sumewa in an taka ka."

Sun ce ta biyun sai nan da wasu makonni. Ba wanda ya ce komai a kan makonnin.

Juma'a, da yamma

Na tambayi likita maganar baƙi. Na ce abokansa na ƙwallo suna ta kira, wasu sun yi allura, wasu ban sani ba. Ya ce haɗarin na nan, bai tafi ko'ina ba, kuma idan cutar ta kama shi yanzu ba za ta yi masa da sauƙi ba. Sannan ya ce, "Amma a da muna tsare shi ne don ya kai ga wani abu. Yanzu ki tambaye shi abin da yake so."

Na tambaye shi. Ya ce, "Sai yau?"

Na ce sai yau.

Ya ce yana son ya ga mutane. A tsakar gida, in hakan zai sa hankalina ya kwanta. Na ce mai tari ko mura ya zauna gidansa, kuma kowa da takunkumi. Ya ce ya yarda. Na ce kuma ba runguma. Ya ce, "Waɗannan tsofaffin wa zai so ya rungume su?"

Lahadi, da yamma

Sun zo bayan la'asar. Kyaftin ne ya tsaya a ƙofa yana tambayar kowa ko yana tari, da hannunsa mai ciwo a rataye kamar wanda ya karye. Ya mayar da mutum ɗaya, wai ya ji yana jan hanci. Mutumin ya tsaya a bakin titi yana ɗago hannu ta saman katanga.

Babbar da mijinta sun iso tun da rana. Ta zauna kusa da kujerar babanta, ƙafafunta a kan bokiti, ba ta yarda ta matsa ko'ina ba. Goggon yara ta karɓi kicin.

Mun fito da shi a doguwar kujera, na rufa masa bargo. Tsofaffi ne duka, ɗaya da sanda, ɗaya ba ya ji sai an yi ihu. Da farko sun yi ta gaisuwa a hankali kamar waɗanda suka zo asibiti. Sai mai sandan ya ce har yau bai yafe wa Gola ƙwallon da ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa a wasan ƙarshe ba. Baban yara ya ce mai tsaron baya ne ya kare masa gani. Mai tsaron bayan na zaune a wurin. Shi ke nan aka hargitse. Wannan ya ce ruwa aka yi ranar, wancan ya ce ƙarya ne rana ake ƙwallawa, wanda ba ya ji yana ta tambayar wa ya ci. Takunkuman duk sun sauka haɓa. Na gani.

Baban yara ya sha shayi kofi guda, har ƙasa.

Can na lura idonsa a rufe, kansa ya karkata a kan matashi. Su kuwa ba su ma sani ba, Kyaftin ya miƙe tsaye yana nuna yadda ƙwallon ta zo. Na tashi zan ce su rage murya, ya yi barci.

Ya kamo gefen zanena, bai buɗe ido ba.

Ya ce, "Bar su, Malama. Ina ji."

Na koma na zauna.